Abin da Na Gani Lokacin da Sensar Salansa Ta Tsayar da Motata Mai Injin Dizal

Fitilar ta fara kamawa ne wata safiya ina cikin tafiya, 'yar ƙaramar nan mai ruwan ɗorawa da ke da siffar inji a kan dashbod. Motar a-kori-kura ce mai injin dizal, irin ta zamani da kwamfuta ke sarrafawa, kuma a lokacin ta ci kilomita 140,000 da 'yan kai ba tare da ta taɓa ba ni matsala mai tayar da hankali ba. Na sassauta totur, na kasa kunne, ban ji wani baƙon sauti ba. Na duba allurar zafi, tana nan inda ta saba tsayawa. Na leƙa madubi, babu alamar hayaƙi. Bayan kwana biyu fitilar ta mutu da kanta, ni kuwa na ɗauka koma mene ne ya wuce. A cikin makonni uku da suka biyo baya ta kama ta mutu kamar sau huɗu, kuma kowane karo ina ce wa kaina zan kai motar a duba idan aiki ya yi sauƙi. Ban sani ba a lokacin cewa kwamfutar mota tana kashe wannan fitila ne idan aka yi tafiya uku a jere ba ta sake ganin matsalar ba, amma lambar matsalar tana nan a ajiye a cikinta. Mutuwar fitila ba warkewa ba ce, alama ce kawai ta ciwon da ke zuwa yana komawa.

Ranar da abin ya fito fili ina ɗauke da lodi ne, ina hawan wani dogon tudu wanda motar ta saba cinyewa a giya ta huɗu. Ina tsakiyar hawan sai na ji ƙarfinta ya zube lokaci guda, kamar an riƙe ta ta baya. Na taka totur har ƙasa, allurar juyin inji ta ƙi wuce wani mizani, sannan wata fitila ta biyu ta kama kusa da ta farko, mai siffar akwati da ɗige-ɗige a ciki. Da giya ta biyu na ƙarasa hawan, manyan motoci suna wuce ni suna danna oda. Na tsaya a gefen hanya na kashe injin na sake tayarwa, ƙarfin ya ɗan dawo, amma kafin in yi kilomita biyar ya sake zubewa. Daga baya na fahimci cewa babu abin da ya sami injin kansa. Kwamfutar ce ta rage masa ƙarfi da gangan domin ta kare shi, ta kuma kare kayan da ke cikin salansa, ta bar wa direba abin da zai ɗingisa da shi zuwa gareji kawai.

Makaniken da na fara kai wa motar matashi ne mai zafin nama, kuma ba na zarginsa da mugun nufi ko kaɗan. Ya jona sikana, na'urar da ke karanta lambobin matsala daga kwamfutar mota, a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, lambobi biyu suka fito: P2033 da P2463. Ya juyo mini fuskar na'urar ya ce, "Maigida, sensa ce ta mutu, ga shi nan kwamfuta ta faɗa da bakinta. Idan muka canja ta muka goge lambar, shi ke nan." Na tambaye shi ko akwai wani gwaji da za a yi kafin a saya, ya ce ai babu buƙata. Na sayo sensar auna zafin hayaƙi da na samu mafi sauƙin kuɗi, a cikin kwali marar sunan kamfanin da ya ƙera ta, domin a ido babu abin da ya raba ta da ta ainihi: dogon ƙarfe siriri kamar ƙusa, da noti a tsakiya, da waya mai igiya biyu da ke ƙarewa da soket.

Cire tsohuwar ya ɗauki fiye da sa'a biyu. Ƙarfen da ya shekara yana shan zafi yana hucewa, ruwan hanya kuma yana fantsamar masa, sai tsatsa ta haɗe shi da mazauninsa su zama kamar abu ɗaya. Ya sa sifana mai buɗaɗɗen baki ya ja, kusurwoyin notin suka fara goguwa, sai ya koma ga filaya, daga nan ya kawo wuta ya gasa wurin har ya yi ja kafin ta motsa. Da ta fito notin ya riga ya lalace, ba za ta sake ɗauruwa ba. Allah ya sa na karɓe ta na jefa a aljihun gaban mota maimakon in bari a yar, domin ita ce daga baya ta zama shaidar da ta warware mini komai. Ya ɗaura sabuwar, ya goge lambobin, fitilun suka mutu, na biya na tafi da murna.

Kwana biyu tsakani fitilun suka dawo, kuma wannan karon ƙarfin motar ya ƙi dawowa ko da an kashe an tayar. Da na koma, makaniken ya ce tunda an canja sensa abin bai tafi ba, to matacin da ke cikin salansa ne ya toshe, kuma mafita mai ɗorewa ita ce a yanka tulun, a farfashe abin da ke ciki a zubar, a yi masa walda, sannan a sake wa kwamfutar tsari ta manta da shi baki ɗaya. Ya ce mutane da yawa haka suke yi su huta.

Ban amince ba, kuma dalilina ba na doka kaɗai ba ne, ko da yake a Amurka cire wannan mataci saɓa wa dokar tsaftar iska ne, a Birtaniya kuma tun watan Fabrairun 2014 motar da aka cire wa shi ba ta cin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran da ke yi mini lodi da saukale, waɗanda ke tsayawa daidai bakin salansa na tsawon lokaci injin yana silo. A shekarar 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon a Faransa, ta sanya hayaƙin injin dizal cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Baƙin da matacin ke riƙewa, idan aka cire shi, a huhun wani zai sauka, kuma ban ga yadda zan sayi sauƙin kaina da lafiyar wanda ke nema a ƙarƙashina ba. Na ce masa a bar maganar tukuna, na ja motar a hankali na kai ta gida na ajiye.

A kwanakin da ta yi a ajiye ne na zauna na koyi yadda salansar take aiki, abin da ya kamata in yi tun ranar da na sayi motar. Salansar motar dizal ta zamani ba bututun fitar da hayaƙi ba ce kawai, ƙaramar masana'anta ce mai matakai. Hayaƙi yana fitowa daga inji ya juya turbo, ya shiga tulu na farko inda wani sinadari mai ɗauke da ƙarfen filatinom ke ƙarasa ƙona ragowar man da bai ƙone ba. Daga nan ya shiga matacin kunkunniya, wanda ake kira DPF, wani dunƙulen tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an toshe bakin wannan rami ta gaba, na kusa da shi ta baya, ta yadda dole hayaƙin ya ratsa ta jikin bango ya bar baƙinsa a ciki. A motocin da suka fi sabunta, irin tawa, akwai mataki na uku da ake kira SCR, inda ake fesa wani ruwa domin a kashe gubar iskar da ake kira NOx. Tsauraran dokokin hayaƙi ne suka kawo waɗannan abubuwa: ƙa'idar 2007 da ta 2010 a Amurka, da matakan Euro 5 na 2009 da Euro 6 na 2014 a Turai.

Matacin ba ya iya riƙe kunkunniya har abada, saboda haka lokaci-lokaci kwamfutar kan ƙone ta. Tana ƙara ɗan mai bayan babban fashewar da ke cikin silinda, man ya bi hayaƙi ya ƙone a tulu na farko, zafi ya tashi zuwa wajen digiri 600 a ma'aunin Selsiyos, kunkunniyar ta ci wuta ta fice a matsayin iska. Makanikai suna kiran wannan aiki rijen. Wuta ce ake hurawa a ƙarƙashin mota tana tafiya, kuma kwamfutar ba ta da ido, da sensoci kawai take gani. Akwai sensocin zafin hayaƙi a jere a jikin salansar, uku a tawa, da sensar da ke auna bambancin matsin hayaƙi tsakanin gaban mataci da bayansa, da sensocin NOx guda biyu. Idan ɗaya daga cikin sensocin zafi ta fara ba da labarin da hankali ba zai ɗauka ba, kwamfutar ba za ta yi gangancin hura wutar da ba ta iya aunawa ba, sai ta dakatar da ƙonawar. Direba yana ci gaba da tafiya bai ji komai ba, kunkunniya kuwa tana taruwa kullum. A nan na gane dangantakar lambobina biyu: P2463 tana cewa kunkunniya ta taru fiye da kima, amma ita 'ya ce, P2033 ce uwa. Makonni ukun da na yi ina kallon fitila tana kamawa tana mutuwa su ne suka cika matacin.

Na kuma gane wani abu da ya fi wannan muhimmanci. Ma'anar P2033 ba ita ce sensa ta mutu ba. Abin da take nufi shi ne lantarkin da ke kan layin sensar zafi ta biyu ya haura inda ya kamata ya tsaya. Layi kuwa ya haɗa da sensar, da soket ɗinta, da wayoyin da suka bi jikin mota har zuwa kwamfuta, da kwamfutar kanta. Kwamfuta ba ta da hanyar sanin ko a cikin sensa aka sami yankewa ko a tsakiyar waya, domin daga inda take zaune duka biyun kama ɗaya suke yi mata.

Na sayi 'yar ƙaramar na'urar karanta lambobi, irin wadda ake jonawa a soket mai ramuka 16 na tsarin OBD, wanda aka wajabta a ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996 kuma ya bazu zuwa sauran duniya. Gwajin farko da na yi ba ya buƙatar ko sifana. Da sassafe, motar ta kwana ba a tayar ba, na murɗa makulli ba tare da na tayar da inji ba, na karanta duk ma'aunan zafi. Tunda komai ya huce tsawon dare, ya kamata su nuna kusan abu ɗaya da zafin gari. Ruwan lagireto ya nuna digiri 22, iskar shiga inji 23, sensar hayaƙi ta farko 24, ta uku 23. Ta biyu, sabuwar da na saya, ta nuna 38. Na tayar da injin na bar shi yana silo ina kallon lambar, tana hawa a hankali yadda ya dace, sai da na rufe ƙofa da ɗan ƙarfi na ga ta yi tsalle zuwa ƙurewar ma'auni, ta tsaya daƙiƙa ɗaya, ta dawo. Babu hayaƙin da zai tashi daga digiri ɗari zuwa kusan dubu ya dawo cikin ƙiftawar ido. Wani abu ne ke yankewa yana haɗuwa.

Da wannan bayani na nemi wani dattijo mai gyaran wayarin mota, wanda aka shaide shi da haƙuri. Na ba shi labari daga farko, bai katse ni ba, da na gama ya ce, "Alhaji, tsohuwar sensar tana nan?" Na ɗauko masa ita. Ya sa mita a kan ƙafafunta biyu, ta nuna om 217. Ya bayyana mini cewa irin wannan sensa da zaren filatinom aka yi ta, turjiyarta ga lantarki om 200 ce a digiri sifili, kuma tana ƙaruwa da kusan kashi uku cikin huɗu na om a kowane digiri, saboda haka 217 daidai take da zafin inuwar da muke tsaye a ciki. Ya kunna ashana ya kusanta da bakinta, lambar ta hau sumul ba tare da tsalle ba, ya janye ta sauko. Ya miƙo mini ita ya ce, "Wannan lafiyarta ƙalau, an dai kashe ta ne wajen cirewa." Ya ƙara da cewa akwai wasu motocin da sensarsu akasin haka take aiki, turjiyarta raguwa take yi idan zafi ya ƙaru, don haka kafin mutum ya yanke hukunci da mita sai ya san irin wadda ke jikin motarsa.

Daga nan muka ɗora motar a kan rami. Abu na farko da ya yi shi ne tabbatar da cewa sensar da aka canja ita ce kwamfuta ke kira ta biyu, domin ana ƙirga su ne daga wajen inji zuwa baya, amma kamfanoni sun bambanta a inda suke dasa ta farko, kuma ya ce ya sha ganin an canja lafiyayya an bar marar lafiya saboda kuskuren ƙirga. Ya zare soket ɗin, lambar sensa ta biyu ce ta canja a na'ura, wannan ya tabbata. Ya auna ɓangaren da ya fito daga kwamfuta ya sami lantarkin da ake tsammani, wajen bolt 5. Sannan ya ba ni na'urar ya ce in zuba mata ido in yi magana da zarar lambar ta motsa, shi kuma ya fara bin wayar da yatsunsa, taƙi bayan taƙi, yana lanƙwasawa a hankali yana jijjigawa.

Ya yi kusan minti goma yana bi babu abin da ya faru. Da ya kai wani lungu a saman tulun, inda hannu ke shiga da ƙyar, lambar ta yi tsalle, na ce, "Malam, nan ne." Ya haska tocila. Wani ɗan maƙalin roba da ke riƙe wayar a jikin ƙarfen mota ya karye, wayar ta sauko ta kwanta a gefen farantin da ke kare zafi. Rigarta ta waje ta bushe ta yi tauri kamar busasshen kara, kuma a daidai inda take gogar gefen farantin ta yi baƙi ta tsage. Da ya fere rigar da reza, sai ga zaren tagullar ciki duk sun tsinke in ban da biyu ko uku da ke taɓa juna. Idan mota tana tsaye sukan haɗu, idan ta hau gargada ko injin ya girgiza a ƙarƙashin lodi sai su rabu. Wannan tsagar da ba ta kai faɗin farce ba ita ce ta tsayar da motar da ke ɗaukar kusan tan guda.

Yadda ya gyara wurin ya koya mini wani abu. Bai murɗa wayoyin ya naɗe da salatif ba. Ya yanke duk inda zafi ya taɓa har ya kai ga tagulla mai sheƙi, ya kawo waya mai jure zafi, ya haɗa da maƙalin ƙarfe da ake matsewa, ya rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji wuta, ya zura duka cikin rigar kare zafi, sannan ya ɗaure ta nesa da farantin. Ya ce a irin wannan layi mummunan haɗi ƙarya yake sa sensa ta yi, domin idan haɗin ya ƙara om goma kacal, kwamfuta za ta ga zafi ya ƙaru da kusan digiri 13 alhali bai ƙaru ba. Bayan gyaran tsallen ya daina, amma washegari da safe sensar mai araha ta ci gaba da nuna fiye da 'yan'uwanta da digiri goma sha wani abu. Na koma na sayi ta ainihi ta hanyar ba da lambar jikin mota mai harufa da alƙaluma 17, domin a fitar da wadda ta dace daidai. Da zai ɗaura ta ya shafa ɗan man hana kamewa a kan zaren notin kawai, bai bari ya taɓa bakin sensar ba, ya fara ɗaurawa da hannu, ya ƙarasa da sifana mai tsaga da ke kama kusurwoyi da yawa, kuma bai jona soket ba sai da ya gama, don kada wayar ta murɗe.

Na ɗauka an gama, shi kuwa ya ce saura matacin. Ya duba sensar matsin hayaƙi: inji a kashe tana nuna sifili, wanda daidai ne, amma a silo tana nuna matsin miliba 2 kawai, kuma ko an taka totur da ƙyar take motsawa. Ya ce matacin da kwamfuta ke kukan ya cika ba zai nuna haka ba. Kwamfuta tana ƙiyasta yawan kunkunniya ta hanya biyu, ta lissafin tafiya da man da aka ƙona, da kuma ta wannan matsi, kuma a motata hanyoyin biyu sun saɓa wa juna. Sensar tana can sama nesa da zafi, tiyo biyu ne ke kawo mata labari, ɗaya daga gaban mataci ɗaya daga bayansa. Da ya zare na gaban ya lanƙwasa shi, sai ga tsaga a ƙarƙashinsa, gefenta duk baƙin hayaƙi, ƙaramin bututun ƙarfen da tiyon ke hawa kuma ya kusa toshewa da busasshiyar kunkunniya. Ya zura siririyar waya ya buɗe shi, ya sa sabon tiyo mai jure zafi. Nan take lambar silo ta tashi zuwa miliba 45. Da an bi ta kan lamba kawai, da wata lafiyayyar sensar aka sake cirewa.

Kafin a hura wa matacin wuta ya zaro sandar auna baƙin mai, ya ga ya haura alamar cika, ya shinshina ya miƙo mini. Warin dizal ne sosai. Duk lokacin da kwamfuta ta fara ƙonawa wayar ta yanke ta dakatar, wani ɓangare na ƙarin man yakan zurara ta bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai. Man da ya tsinke haka ba ya kare ƙarafan inji, kuma idan ya yi yawa injin dizal yana iya zuƙo shi ya riƙa ƙonawa, ya yi ta gudu ko an zare makulli. Muka juye shi muka zuba sabo, irin mai ƙarancin toka da aka tanada don motoci masu wannan mataci, domin kunkunniya tana ƙonewa amma tokar da baƙin mai ke bari ba ta ƙonewa, taruwa take yi har sai an sauke matacin an wanke.

Ƙonawar dole ana yin ta ne da babbar sikana, kuma ya gargaɗe ni cewa idan kunkunniyar ta wuce wani mizani kwamfuta za ta ƙi, domin wutar tana iya fin ƙarfin sarrafawa ta fasa tangaran ɗin ko ta narkar da shi. Tawa ta amsa. Muka fitar da motar fili a kan siminti, nesa da busasshiyar ciyawa da duk abin da zai iya kamawa, da abin kashe gobara a kusa. Ya danna umarni, injin ya ɗaga murya da kansa ya tsaya a sama ba tare da kowa ya taɓa totur ba. Na tsaya ina kallon lambobin: 250, 380, 470, sannan sensar da ke gaban matacin ta haura 600 ta zauna a wurin tana ɗan hawa da sauka. Fankar lagireto ta kama da ƙarfi, wani wari mai kauri kamar na ƙarfen da aka gasa ya cika wurin, iskar da ke fita daga bakin salansa tana rawa don zafi ko da yake babu hayaƙin da ido ke gani. Lambar kunkunniyar ta daɗe ba ta motsa ba har na fara damuwa, sai ta fara sauka, da farko a hankali, daga baya da sauri. Bayan kimanin minti arba'in injin ya sauko silo da kansa, salansar tana ƙas-ƙas tana hucewa. Matsin ya koma miliba 8.

Tun daga lokacin na canja yadda nake tuƙi. Gajerun tafiye-tafiye da barin inji yana silo na tsawon lokaci su ne ke cika mataci, saboda haka yanzu ina kashe injin lokacin lodi, kuma idan na ji alamun ƙonawa ta fara, silo ya ɗan ɗaga, fanka tana aiki ba dalili, nakan ci gaba da tafiya har ta gama maimakon in kashe a tsakiya. Ina kuma kula da inda nake shan mai, domin waɗannan kayan an ƙera su ne don dizal mai ƙarancin farar wuta, wanda a Amurka bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba, a Tarayyar Turai kuma kashi 10, kuma man da ya fi haka nesa yana gurɓata sinadaran da ke cikin tulunan.

Bayan wata takwas wani saƙo ya fito a dashbod, yana cewa akwai matsala a tsarin AdBlue, wato ruwan nan da ake fesawa a matakin SCR, tare da ƙirgen kilomitocin da suka rage kafin motar ta ƙi tashi. Wannan karon ban jira ko kwana ɗaya ba, kuma ban goge komai ba, domin na riga na san cewa goge lamba yana tafiya da bayanin da kwamfuta ta adana na yanayin injin a daidai lokacin da matsalar ta faru. Lambar ita ce P20EE, wadda ke cewa matakin SCR ba ya rage guba yadda ya kamata. Ita ma ba ta ambaci wanda ya yi laifi ba. Ruwan AdBlue, wanda a Amurka ake kira DEF, yuriya ce kashi 32.5 cikin ɗari a cikin tataccen ruwa, idan aka fesa shi cikin hayaƙi mai zafi sai ya zama amoniya, ita kuma ta mai da gubar NOx ta zama iskar naitirojin da tururin ruwa. Ruwan da ya lalace ko aka surka, ko bakin feshin da ya toshe, ko sensar da ke ƙarya, kowanne yana iya haifar da wannan lamba.

Na koma wurin dattijon muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗiga ruwan a kan gilashin awo ya ga ƙarfinsa daidai. Ya kwance bakin feshin, akwai ɗan farin gishiri da ya daskare a gefe, ya wanke da ruwan ɗumi ya gwada, feshin yana fita da kyau. Ya bi wayoyi da soket bai sami komai ba. Sensar NOx ba a auna ta da mita kamar ta zafi, domin tana da 'yar kwamfutarta a maƙale da wayarta, tana da abin ɗumama kanta, kuma ba ta fara ba da labari sai salansa ta yi zafin da ya kori raɓar da ke ciki. Saboda haka muka fita kan hanya, ina tuƙi yana riƙe da sikana. Da muka sami gangara mai tsawo ya ce in ɗage ƙafa daga totur gaba ɗaya in bar motar a giya. A wannan hali injin ba ya shan mai ko ɗigo, iska kawai yake turawa, don haka dole sensocin biyu su faɗo kusa da sifili. Ta gaba ta faɗo nan da nan. Ta baya ta tsaya a sama ta ƙi saukowa, muka maimaita sau uku, amsar ba ta canja ba.

Ya ce, "To Alhaji, wannan karon sensar ce da gaske." Tun daren da ya gabaci ranar aikin na fesa wa notinta man sassauta tsatsa, da safe muka ɗan ɗumama injin muka kashe, ta kwance a ja na biyu ba tare da an kawo wuta ba. Bayan ya ɗaura sabuwar ya shiga sikana ya shaida wa kwamfuta cewa an canja ta, domin ta watsar da gyare-gyaren lissafin da ta yi wa tsohuwar. Saƙon bai ɓace nan take ba, ya ce sai kwamfutar ta gwada tsarin da kanta a kan hanya ta gamsu. Na hau babbar hanya da matsakaicin gudu, ƙirgen yana ci gaba da raguwa kilomita bayan kilomita, sai da na yi tafiyar kusan rabin sa'a sannan rubutun ya ɗauke daga dashbod. Washegari da sassafe, kafin in tayar da injin, na jona 'yar na'urata na karanta ma'aunan zafi: 21, 22, 22, 21, 22.